Ambrosiaster: Malamin da Sunansa Ya Ɓata, Sharhinsa Ya Rayu

Ambrosiaster laƙabi ne da masana suka raɗa wa wani malamin Kirista da ya rayu a birnin Roma a ƙarshen ƙarni na 4 miladiyya, wanda har yau ba a gano sunansa na yanka ba. Shi ne ya fara rubuta cikakken sharhi da harshen Latin a kan wasiƙu 13 na Manzo Bulus da ke cikin Sabon Alkawari, tun daga wasiƙar Romawa har zuwa ta Filimon. Ya kuma bar wani littafi na tambayoyi da amsoshi a kan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Ɗaruruwan shekaru ana kwafar littattafan nan biyu da hannu ana karantar da su a Turai, amma da sunayen wasu. An jingina sharhin ga Ambros, bishop na Milan, an kuma jingina littafin tambayoyin ga Agustin, bishop na Hippo. Wannan kuskure na masu kwafi shi ya tsare ayyukan daga ɓacewa, shi ne kuma ya ba su nauyin da ya sa ra'ayoyinsa suka shiga koyarwar ikilisiyar Yamma a kan zunubin gado, da ceto ta bangaskiya, da aure, da matsayin mata, da ikon shugabanni.

Roma a zamaninsa

Marubucin da kansa ya bar alamar da ta nuna lokacinsa. A sharhinsa na 1 Timoti 3:15 ya ambaci cewa Damasus ne ke shugabancin ikilisiya a lokacin da yake rubutu, Damasus kuwa ya riƙe kujerar bishop na Roma daga shekarar 366 zuwa 384. A wani wurin ya ce an yi kimanin shekara 300 da rushe Urushalima, abin da ya auku a shekara ta 70. Lissafin biyu sun dace da juna. Yawan maganarsa a kan al'amuran cikin birnin Roma, da ma'aikatan ikilisiyarta, da bukukuwan masu bautar gumaka da ke cikinta, ya tabbatar da cewa a can yake zaune.

Zamanin na sauyi ne da hayaniya. Sarki Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin addini tun shekarar 313, a 380 kuma Sarki Tiyodosiyus ya ayyana aƙidar majalisar Nikiya a matsayin addinin daula. Duk da haka manyan gidajen Roma da dama suna nan kan addinin kakanninsu. A cikin ikilisiyar ma ba a zauna lafiya ba. Zaɓen Damasus ya zo da faɗa tsakanin magoya bayansa da na abokin takararsa Ursinus, har marubucin tarihi Ammiyanus ya ruwaito cewa an ƙirga gawa 137 a cikin majami'a guda a rana ɗaya. Ga mabiya Ariyus masu musun cewa Ɗa daidai yake da Uba, ga mabiya Novatiyan masu tsananta wa wanda ya yi babban zunubi bayan baftisma, ga mabiya Mani masu ƙyamar aure da haihuwa, ga kuma wata sabuwar himma ta zuhudu da ƙin aure da ta shiga gidajen attajirai. Duk waɗannan sun bayyana a rubuce-rubucensa.

A wannan lokacin ne kuma malaman da ke rubutu da Latin suka juya ga wasiƙun Bulus gadan-gadan. Mariyus Viktorinus ya riga shi, amma abin da ya saura na sharhinsa bai wuce wasiƙu 3 ba. Jerom ya yi sharhin wasiƙu 4 a wajen 386, Agustin ya taɓa Romawa da Galatiyawa a wajen 394 zuwa 395, Pelagiyus kuma ya yi nasa a farkon ƙarni na 5. A cikinsu duka, na wannan malami marar suna ne ya fara game wasiƙun baki ɗaya.

Littattafan nan biyu

Sharhin yana bin matani aya bayan aya. Ya kawo ayar, ya biyo ta da bayani a taƙaice, ya wuce ta gaba. Kowace wasiƙa tana da gajeriyar gabatarwa mai bayyana waɗanda aka rubuta wa da abin da ya jawo rubutun. Bai yi sharhin wasiƙar Ibraniyawa ba, domin a Roma ta wancan lokaci ba kowa ya yarda Bulus ne ya rubuta ta ba. Daga baya masu kwafi suka cike gurbin da sharhin Alkuyin, malamin fadar Sarki Shalman. Marubucin ya yi ta bitar aikinsa yana gyarawa, shi ya sa sharhin Romawa ya iso zamanin nan a siga 3 mabambanta. Rubutun hannu mafi tsufa na ƙarni na 6 ne, yana ajiye a gidan sufaye na Monte Kasino a Italiya.

Littafi na biyu an fi saninsa a sigarsa mai tambayoyi 127. Wasu amsoshin ba su wuce 'yan layuka ba, suna warware ayoyin da suke kamar sun saɓa wa juna. Wasu kuwa dogayen maƙaloli ne da huɗubobi: raddi ga masu bautar gumaka, raddi ga masu duba taurari da ke cewa tauraron haihuwa ne ke yanke wa mutum makomarsa, raddi ga Ariyus da Novatiyan, da wata maƙala a kan girman kan dikonin Roma. A 1905 masanin nan ɗan Skotland, Alexander Souter, ya kwatanta kalmomi da salo da irin matanin Littafi Mai Tsarki da ke cikin littattafan biyu, ya nuna cewa alƙalami ɗaya ne ya rubuta su. Tun daga nan masana suka tsaya a kan haka.

Yadda sunan ya ɓata

Da alama tun farko littattafan sun fita ba suna a kansu. A shekarar 398 wani mai suna Evangelus ya aika wa Jerom wata maƙala marar sunan marubuci, wadda take cewa Malkisadik, firist ɗin da ya sa wa Ibrahim albarka, bayyanar Ruhu Mai Tsarki ne. Abin da tambaya ta 109 ta littafin ke koyarwa ke nan. Wato shekara goma sha kaɗan bayan rubuta shi, aikin yana yawo ba a san mai shi ba. A wajen 420 Agustin ya kafa hujja da sharhin Romawa yana cewa na wani tsarkakke ne mai suna Hilariyus, da alama yana nufin Hilariyus bishop na Poitiers a Faransa ta yau. Malaman Ayaland na ƙarnukan da suka biyo baya su ma da wannan suna suka san shi. A ƙarni na 6 Kassiyodorus ya ce ya ji labarin Ambros ya bar sharhi a kan dukan wasiƙun Bulus, ya nema bai samu ba. Daga ƙarni na 9 zuwa gaba sunan Ambros ne ya zauna a kan yawancin kwafi.

Shakka ta taso a ƙarni na 16. Erasmus, wanda ya buga ayyukan Ambros a birnin Basel a 1527, ya nuna rashin gamsuwa da wasu sassan sharhin. Bambancin a fili yake ga mai karatu da lura: Ambros yana son neman ɓoyayyiyar ma'ana a bayan kowace aya, ya kuma sha daga malaman Girkanci, wannan kuwa yana tsayawa ga zahirin magana. An daɗe ana cewa Erasmus ne ya ƙirƙiri laƙabin Ambrosiaster, wanda ke nufin mai kama da Ambros amma ba shi ba. Bincike na baya-bayan nan ya nuna laƙabin ya fito ne a wani littafin Fransiskus Lukas na birnin Bruges a 1580, sannan sufayen Benedikt na Faransa suka yayata shi a bugunsu na ayyukan Ambros a ƙarshen ƙarni na 17.

An kawo sunaye da yawa a neman ainihin marubucin. Masani Germain Morin shi kaɗai ya ba da sunaye da dama a lokuta daban-daban: a 1899 ya ce Ishaku ne, wani Bayahude da ya karɓi Kiristanci ya kuma zama abokin gabar Damasus, daga baya ya ce wani babban jami'in gwamnati ne mai suna Hilariyus, sannan ya koma kan Evagriyus na Antakiya. Babu ko ɗaya da ya samu karɓuwa. Abin da rubutun ya nuna shi ne mutum ne masanin dokokin Rum da tsarin ofisoshin daula, mai sha'awar al'adun majami'ar Yahudawa, wanda Girkancinsa bai yi zurfi ba. Masana da yawa a yau suna ganin firist ne a ɗaya daga cikin majami'un Roma.

Salonsa da saɓaninsa da Jerom

Abin da ya fi fice da shi shi ne natsuwa wajen karatu. Yana tambayar wa Bulus yake yi wa magana, wace matsala ce ta taso, ina hujjar ta nufa. Yana da idon mai tarihi. A gabatarwar Romawa ya ce Kiristocin Roma na farko sun ba da gaskiya ba tare da sun ga wani manzo ko wata mu'ujiza ba, kuma ta hannun Yahudawa masu bi suka karɓi saƙon, tare da al'adun Shari'ar Musa. Masu nazarin asalin ikilisiyar Roma har yau suna komawa ga wannan bayani. A sharhin 1 Korantiyawa 14 ya kwatanta zaman majami'ar Yahudawa, inda manya ke kan kujeru, na biye da su kan benci, na ƙarshe kuma a ƙasa kan tabarmi. A babin nan dai ya soki masu jin Latin da ke rera waƙoƙin ibada da Girkanci don daɗin sauti alhali ba su san abin da suke faɗa ba.

Matanin da ya yi wa sharhi tsohuwar fassarar Latin ce da ake karantawa a Italiya kafin aikin Jerom, don haka sharhin ya zama ma'ajiyar wannan tsohon matani. A daidai lokacin ne Damasus ya sa Jerom ya gyara fassarar Linjila huɗu bisa kwafin Girkanci, aikin da ya kammala a wajen 384, ya kuma zama tushen fassarar Vulgata. Ambrosiaster bai yarda da wannan hanya ba. A sharhin Romawa 5:14 ya ce kwafin Girkanci su kansu sun saɓa wa juna, domin masu jayayyar aƙida sun sa musu hannu, tsohuwar Latin kuwa an fassara ta ne daga kwafin da suka girme su, ga kuma shaidar magabata irin su Tertuliyan da Sipiriyan. A ganinsa karatun da ya inganta shi ne wanda hankali da tarihi da shaidar magabata suka haɗu a kansa.

Jerom ya mayar da martani mai zafi ga masu sukar gyaransa a wata wasiƙa ta 384, har ya kira su jakuna masu ƙafa biyu, masana da dama kuma suna ganin wannan malami na cikin waɗanda yake nufi. Akwai wata wasiƙar da Damasus ya aika wa Jerom da tambayoyi 5 a kan littafin Farawa, dukansu kuwa suna cikin littafin tambayoyin nan. Jerom ya san aikin, amma da ya tattara sunayen marubutan Kirista a littafi guda a wajen 393, bai sa wani da za a iya cewa shi ne ba.

Zunubin Adamu

Babu inda tasirinsa ya kai na Romawa 5:12, ayar da ke maganar shigowar zunubi da mutuwa duniya ta wurin mutum guda. A ƙarshen ayar akwai wasu kalmomi biyu na Girkanci da yawancin masu fassara na yau suke ba ma'anar "domin", wato mutuwa ta game kowa domin kowa ya yi zunubi. Tsohuwar Latin ta ba su ma'anar "a cikinsa". Ambrosiaster ya ɗauki wannan lamiri a kan Adamu, ya bayyana cewa 'yan Adam duka sun yi zunubi a cikin kakansu kamar a dunƙule guda, irin curin yumɓun da magini ke yankar tukwane daga gare shi. Tunda curin ya gurɓata, duk abin da ya fito daga cikinsa ya fito ƙarƙashin zunubi.

Sai dai bai tsaya nan ba. Ya raba mutuwa gida biyu. Ta farko rabuwar rai da jiki ce, ita ce gadon da kowa ya ci daga Adamu. Ta biyu azabar Jahannama ce, wadda a cewarsa ba a shan ta saboda laifin Adamu, sai dai saboda zunubin da mutum ya aikata da kansa. Ya koyar da cewa salihan da suka mutu kafin zuwan Almasihu an tsare su a mazaunin matattu ba tare da azaba ba, har ya zo ya fitar da su. Ya kuma ƙi ra'ayin cewa rai yana gangarowa daga iyaye kamar yadda jiki ke yi. A wurinsa jiki ne ya gaji rauni, ta wannan rauni kuma Shaiɗan ke samun ƙofar shiga.

Bayan kimanin shekara 40 gardama ta ɓarke tsakanin Agustin da mabiya Pelagiyus. Pelagiyus ya ce jariri yana zuwa duniya ba laifi a kansa, Adamu mugun misali kawai ya bari. Agustin, haifaffen Tagaste kuma bishop na Hippo, duka a Aljeriya ta yau, ya ce kowane ɗan Adam yana gadon laifin kakansa Adamu, shi ya sa ake yi wa jarirai baftisma. Abokan gardamarsa sun zarge shi da ƙago sabuwar koyarwa, don haka yana bukatar shaidar magabata. A littafin da ya rubuta wa Paparoma Bonifas a wajen 420 ya kawo maganar dunƙulen nan da sunan Hilariyus, amma bai kawo bayanin mutuwa ta biyu da ke biye da ita ba. Pelagiyus ma ya karanta sharhin nan ya amfana da shi a nasa sharhin, ta yadda ɓangarorin biyu suka sha daga rijiya ɗaya.

Fahimtar Agustin ce ta yi rinjaye a Yamma. Majalisar Kartaj ta 418 ta kafa hujja da wannan aya, haka ma majalisar Trent a 1546. Ikilisiyoyin Gabas masu karanta Girkanci sun fi ƙarfafa gadon mutuwa da rauni a kan gadon laifi, matsayin da ya fi kusa da cikakkiyar maganar Ambrosiaster. Wannan batu yana kuma cikin manyan wuraren da tauhidin Kirista ya rabu da na Musulunci, wanda bai yarda da gadon zunubi ba.

Bangaskiya da Shari'a

Sau da yawa a sharhinsa ya ce ta bangaskiya kaɗai ake baratar da mutum a gaban Allah, kyauta, ba da ayyukan Shari'a ba. Ya yi wannan furuci shekara fiye da 1,100 kafin Martin Luther. Da Filib Melankton ya tsara Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, wadda aka miƙa wa Sarki Charles na Biyar ranar 25 ga Yuni, 1530, ya kafa hujja a sashe na 6 da wata magana da ya ce ta Ambros ce. Maganar daga sharhin Ambrosiaster a kan 1 Korantiyawa 1:4 take. Wannan takarda ita ce ginshiƙin aƙidar ikilisiyoyin Lutheran a duniya, har da wadda ke da hedikwata a Numan ta jihar Adamawa.

A nan ma sai an koma ga abin da yake nufi. Ya kasa Shari'ar Musa kashi-kashi. Akwai abin da ya shafi sanin Allah ɗaya, akwai dokokin ɗabi'a da suka dace da shari'ar da Allah ya dasa a zuciyar kowane mutum, akwai kuma farillai irin su kaciya da kiyaye Asabar da tsayuwar wata da bambance abinci. Kashin ƙarshen nan ne ya ce ya ƙare da zuwan Almasihu. Idan ya ce bangaskiya kaɗai, galibi yana nufin mutum yana samun gafara a lokacin tuba da baftisma ba tare da ya ɗauki nauyin waɗannan farillai ba. Bayan haka wajibi ne ya yi aikin kirki, za a kuma saka masa gwargwadon aikinsa. Game da zaɓen Allah kuwa, ya ce Allah yana zaɓen waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya su dawwama a kai. Agustin ya riƙe irin wannan ra'ayi da farko, ya bar shi a wajen 396, ya koma cewa bangaskiyar ma baiwa ce daga Allah.

Bishop, firist da sarki

A sharhin Afisawa 4 ya ce tsarin ikilisiyar zamaninsa bai zo daidai da na zamanin manzanni ba. Da farko, a cewarsa, kowa yana koyarwa kowa yana yin baftisma domin jama'a ta yawaita, sai da ikilisiya ta kafu a ko'ina aka ware ayyuka aka naɗa masu su. Ya ce naɗin bishop da na firist ɗaya ne, bishop shi ne na farko a cikin firistoci, ya kuma ba da misali da Masar, inda firist ke yin wasu ayyukan bishop idan ba ya nan. Maƙalarsa a kan dikonin Roma ta fito daga wannan tunani. Su 7 ne kawai, suna kusa da bishop, dukiyar ikilisiya tana hannunsu, har suka fara ɗaukar kansu sama da firistoci. Jerom ya maimaita hujjojin nan a wata wasiƙarsa. Malaman tsakiyar zamani sun yi ta tattauna su, a ƙarni na 16 kuma masu neman tsarin dattawa a maimakon na bishop suka riƙe su makami.

Game da sarauta, ya ce sarki wakilin Allah ne a duniya, yana ɗauke da surar Allah kamar yadda bishop ke ɗauke da surar Almasihu, don haka ana girmama kujerar ko da wanda ke kanta bai cancanta ba. Wannan ya samo asali daga yadda ya fahimci tarihin halitta: Shaiɗan ɗan tawaye ne da ya nemi ƙwace mulki, Allah kuwa ya halicci mutum ɗaya ya fitar da sauran daga gare shi domin ya zama shaida cewa komai daga Allah ɗaya yake. Marubutan da suka kāre ikon sarakuna a Turai sun yi ta aron wannan magana da sunan Agustin.

Mata da aure

Wannan fahimta ta surar Allah a matsayin iko ita ta kai shi ga ra'ayinsa mafi tsauri. A sharhin 1 Korantiyawa 11 da wasu tambayoyin ya ce namiji ne aka halitta cikin surar Allah, mace ba haka ba, ko da yake asalinsu ɗaya ne, ya kuma ɗora hujjarsa a kan cewa a dokar Rum mace ba ta alƙalanci. Agustin bai koyar da haka ba, domin a wurinsa surar Allah tana cikin hankali, mace da namiji kuwa duk suna da shi. Amma da Giratiyan ya tattara dokokin ikilisiya a birnin Bologna a wajen 1140, maganganun nan sun shiga kundinsa da sunan Agustin da na Ambros, suka zama hujjar masana doka na ƙarnuka wajen hana mata muƙamai. Ikilisiyar Katolika da manyan ikilisiyoyin Furotesta a yau suna koyar da cewa mace da namiji duka cikin surar Allah aka halicce su.

A kan aure kuwa ya tsaya tsakatsaki. Tambaya ta 127 kāriya ce ga aure da haihuwa a lokacin da masu tsananin zuhudu ke rage musu daraja. Ya ce albarkar da Allah ya sa wa haihuwa tun farko ba ta gushe ba, laifin Adamu da Hauwa'u kuwa rashin biyayya ne. Bayaninsa biyu a kan 1 Korantiyawa 7 sun yi dogon tasiri. Na farko, ya halatta wa mijin da matarsa ta yi zina ya sake ta ya auri wata, bai ba mace irin wannan dama ba. Wannan ya saɓa wa matsayin Agustin da Jerom, ya kuma dami malaman ƙarni na 12, har Bitrus Lombard ya ce masu jabu ne suka cusa maganar cikin littafin Ambros. An sake ɗauko ta a muhawarar majalisar Trent kan aure a 1563. Na biyu, ya ce idan marar bi ya rabu da abokin zamansa saboda ƙin addininsa, wanda aka bari yana da 'yancin sake aure, domin raina Mahalicci yana kwance igiyar. Wannan bayani ya shiga dokar ikilisiya, shi ne kuma tushen abin da ake kira gatan Bulus, wanda ke sashe na 1143 na kundin dokokin Katolika na 1983.

Matsayinsa a yau

Ta hanyar malaman zamanin Shalman, da hashiyar Littafi Mai Tsarki da aka tattara a ƙarni na 12, da littattafan Bitrus Lombard, sharhin ya isa hannun kusan duk wanda ya karanci Bulus a makarantun Turai, har da Toma Akwinas da Luther. Raba shi da sunan Ambros ya rage masa ƙarfin hujja a muhawarar aƙida, amma ya buɗe ƙofar karanta shi a kan kansa. Souter ya buga ingantaccen matanin tambayoyin a 1908, Heinrich Vogels ya buga na sharhin tsakanin 1966 da 1969, duka a jerin bugun Viyana na marubutan ikilisiya na Latin. An fassara sharhin zuwa Italiyanci da Ingilishi.

Masu nazarin matani suna amfani da shi don sanin yadda wasiƙun Bulus suke da Latin kafin Vulgata. Masu tarihi suna samun bayanin rayuwar ikilisiyar Roma a zamanin Damasus daga bakin wanda ke cikinta. Masu tauhidi kuwa suna koyon darasi na musamman daga tarihinsa: jimloli kaɗan da aka ciro daga sharhinsa, aka liƙa musu manyan sunaye, sun ɗauki nauyin koyarwar da ta zarce abin da shi kansa ya faɗa. Karanta shi gaba ɗaya yana nuna malami mai ra'ayinsa na kansa, wanda ya yarda da gadon mutuwa ba tare da gadon azaba ba, ya ɗaukaka bangaskiya bai zubar da aiki ba, ya kuma san cewa tsarin ikilisiya yana da tarihi kamar kowane tsari.